Jakunan Kan Iyaka da Tarar Naira Hamsin

A watan Satumba na 2022, jami'an kwastam da ke filin jirgin saman Murtala Muhammed a Legas suka tare wasu buhuna 16 da ake shirin lodawa zuwa Hong Kong. Wari ne ya tona asirin kayan. Da aka kwance bakin buhunan sai ga al'aurar jakuna maza har guda 7,000. Watanni kaɗan kafin nan, a Maris ɗin shekarar, kwastam na jihar Kebbi sun nuna wa manema labarai buhu 1,390 na busasshen naman jaki da suka kama. Labarin Legas ya fi yawo, domin ya zo da abin dariya, an kuma sha dariyar. Sai dai 7,000 ɗin nan dabbobi ne 7,000 da aka kwance daga turakunsu, aka kora, aka loda a mota, aka yi doguwar tafiya da su, aka kashe. Bayanin hukuma ya tsaya ne a kan abu biyu: kayan an hana fitar da su, kuma darajarsu ta kai kaza. Yadda dabbobin suka yi tafiyar da irin mutuwar da suka yi bai shiga lissafi ba, alhali dokar ƙasar nan ta yi magana a kan haka tun kafin a haifi jami'an da suka yi kamun.

Inda buƙatar ta taso

Kasuwar fatar jaki tana ƙasar Sin. Can ake jiƙa fatar, a kankare gashin, a dafa ta har ta narke ta zama danƙo, a daskarar da shi a yayyanka. Sunansa ejiyawo, tsohon maganin gargajiyarsu ne da suke cewa yana ƙara jini yana kuma gyara jiki, musamman ga mata. Cibiyar sana'ar ita ce gundumar Dong'e da ke lardin Shandong. A da abin masu hali ne. Da arzikin Sin ya bunƙasa, masu matsakaicin ƙarfi suka sami kuɗin saye, kamfanoni kuma suka shiga cusa shi a alewa da abin sha da man shafawa. A daidai lokacin ne jakunan ƙasar ke ƙarewa, tun da injina sun karɓe musu aikin gona: daga kimanin miliyan 11 a 1990, suka dawo ƙasa da miliyan 2 a 2021. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Ingila ta ƙiyasta a 2019 cewa masana'antar na buƙatar fata miliyan 4.8 a shekara, a rahotonta na 2024 kuma adadin ya kai miliyan 5.9.

Jaki ba dabbar da ake yawaita ta da gaggawa ba ce. Jaka takan yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, shi kuma sai ya ɗauki shekaru kafin ya isa ɗaukar kaya. Da gida ya kasa, sai ido ya koma Afirka, inda kusan kashi biyu cikin uku na jakunan duniya suke.

Nijar na cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu. A 2015 jakuna 27,000 aka fitar daga ƙasar. A 2016, tun shekarar ba ta ƙare ba, an fitar da 80,000. Jakin da ake saye kimanin dala 34 ya koma tsakanin dala 100 da 145. Gwamnati ta hana fitarwa a shekarar. Burkina Faso ma ta hana a watan Agustan 2016, bayan an yanka jakuna 45,000 cikin wata shida.

Amma wanda ya san iyakar Nijar da Najeriya ya san takardar haramci ba ta tsare ta. Jaki ba ya buƙatar kwalta. Yaro ɗaya da sanda zai koro garke ta cikin gonaki ya wayi gari a wannan ɓangaren. Kasuwar Maigatari a Jigawa, mai ci ranar Alhamis, da ta Mai'adua a Katsina, da ta Illela a Sakkwato, duk tsofaffin wuraren cinikin dabbobi ne, kuma nan jakuna iri-iri, auraki da duni da fari da idabari, suke haɗuwa da dillalan da za su kai su kudu. Babbar matattarar can ita ce Ezzamgbo a ƙaramar hukumar Ohaukwu ta jihar Ebonyi, inda cin naman jaki ya riga zuwan masu sayen fata. Abin da ya sauya shi ne lissafin cinikin. A da nama ake bi, fata ta zo a gyara. Yanzu fatar ce uwar kuɗi.

Abin da ya sa wannan fatauci ya bambanta

Nan ne zuciyar lamarin, kuma nan ne ya kamata mai tsara doka ya tsaya ya yi dogon tunani.

Falken da ya ɗauko shanu daga Potiskum zuwa Legas ba lallai ne mai tausayi ba, amma aljihunsa na tilasta masa kulawa. Sa ya rame a hanya, kuɗinsa ya ragu. Ya mutu ba a yanka ba, ya zama mushe, an yi asara ɗungurungum. Shi ya sa za ka ga yara a saman tirela suna lura, wanda ya faɗi a tashe shi, wanda ya galabaita a sa masa wuƙa. Mai neman fata ba shi da wannan takurar. Fatar jaki mai ƙiba da ta ramamme kuɗinsu ɗaya ne, ko kusa da haka. Ta wanda ya mutu a mota ma ana feɗewa a barbaɗa gishiri a shanya. Saboda haka duk dusar da aka saya masa, duk bokitin ruwan da aka ba shi, duk sa'ar da aka tsaya don ya huta, ragi ne daga riba. Gurgu, makaho, mai ciki, ɗan da bai bar nono ba, tsohon da ya gama aiki, duk suna shiga mota ɗaya.

Daga Maigatari zuwa Ebonyi tafiya ce ta kusan kilomita dubu, ta Lafiya da Makurɗi, ga ramuka ga shingayen jami'ai. Ana cusa jakunan a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, domin kuɗin mota ɗaya ne ko an zuba kaɗan ko an zuba da yawa. Daɓen motar ƙarfe ne ko katako, in fitsari da kashi suka jiƙa shi sai ya yi santsi. Direba ya taka birki, na gaba su matsu da bango, ɗaya ya zame ya durƙusa. Babu sararin da zai yunƙura ya tashi, sauran kuma ba su da inda za su sa ƙafa sai a kansa. Jaki kuwa ba ya nuna ciwo kamar doki. Ba ya haniniya ko shure-shure, sai dai ya sunkuyar da kai, kunnuwa su faɗi, ya yi shiru, mai kallo ya ɗauka lafiya lau yake. Likitocin dabbobi sun san wata cuta da ke saurin kama shi in ya firgita ya daina cin abinci na 'yan kwanaki: kitsen jikinsa ya narke ya cika jini, hanta da ƙoda su kasa aiki. Donkey Sanctuary ta ce a wasu hanyoyin fataucin nan har kashi 20 cikin 100 na dabbobin kan mutu kafin a isa.

Wani abu da ya faru a Afirka ta Kudu a 2016 ya fito da wannan lissafi fili. Masu binciken ƙungiyar kare dabbobi ta NSPCA sun tarar da jakuna kimanin 70 a wani fili a wajen birnin Bloemfontein, an bar su ba abinci ba ruwa, wasu sun mutu, sauran suna tonon shara. Bayanin da aka samu a wurin shi ne mai su fata kawai yake so. Waɗanda suka rage da rai sun riga sun wuce magani, dole aka kashe su don a hutar da su.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa sun ɗauka Najeriya ba ta da dokar hana zaluntar dabbobi. Akwai, har kashi biyu.

A jihohin kudu, inda akasarin jakunan ke ƙarewa, kundin laifuffuka na Criminal Code ya ware babi guda a kan haka. Sashe na 495 ya lissafa laifuffukan: dukan dabba da mugunta, harbinta da ƙafa, ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, azabtar da ita, firgita ta. Ya haɗa da wanda ya jawo mata wahalar da ba dole ba ta hanyar ƙin yin abin da ya kamata ya yi, wato sakaci. Ya kuma ambaci ɗaukar dabba ko safararta ta yanayin da zai wahalar da ita ba gaira ba dalili. Mai dabbar ba zai fake da cewa yaransa ne suka yi ba, domin dokar ta ɗauke shi a wanda ya yarda da zaluncin muddin bai sa ido yadda ya kamata ba. Yanka don abinci ba laifi ba ne, amma in aka haɗa shi da azabar da za a iya kauce mata, kariyar ta faɗi. Sassan da ke biye sun ba kotu ikon ƙwace dabbar daga hannun mai ita, ko ta ba da umarnin a kashe wadda barinta da rai azaba ce, sun kuma ba ɗan sanda ikon karɓe dabbar da motar ya ajiye.

Duk abin da ke faruwa a cikin tirelar nan yana cikin sashen, kamar wanda ya rubuta shi ya leƙa ciki. Hukuncin kuwa: ɗaurin wata shida, ko tarar naira 50, ko duka biyun.

Naira 50. Asalinta fam 25 ce, aka mayar da ita naira lokacin canjin kuɗi na 1973, fam ɗaya naira biyu. A zamanin da aka sa ta, fam 25 kuɗi ne da talaka zai daɗe bai tara ba. Yau da ƙyar ta sayi ledar ruwa ɗaya a birni. An kwafo babin ne daga dokar kare dabbobi ta Ingila ta 1911. Su can sun maye gurbinta da sabuwa a 2006, wadda ta ɗora wa mai dabba nauyin ciyarwa da shayarwa da matsuguni da magani tun kafin wahala ta bayyana, sannan a 2021 suka ɗaga mafi girman hukunci daga wata shida zuwa shekara biyar. Mu muna nan riƙe da kwafin da aka bar mana.

A arewa, inda ake yin lodin, kundin Penal Code ne, wanda ya fara aiki a 1960. Sashe na 207 ya hana duka da azabtarwa da gallaza wa dabbar gida da gangan, har da shirya faɗan zakaru ko na raguna, hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara guda ko tara ko duka biyun. Sashe na 208 ya fi kusa da rayuwar jaki: ɗora wa dabba kaya fiye da kima, sa ta aiki alhali tsufa ko ciwo ko rauni ya hana ta, ko yin watsi da ita har ta wahala. Jihohin da suka sake rubuta kundinsu, irin Kaduna a 2017, lambobin sassan kan sauya. Ban da waɗannan, dokar yaƙi da cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta tanadi tashoshin duba dabbobin fatauci da takardar izinin tafiya. Ke nan akwai jami'in gwamnati da aikinsa ne ya leƙa motar kafin ta wuce.

To me ya hana? Ƙanƙantar tara na ciki, amma a ganina ba ita ce babba ba, tun da ɗaurin wata shida ko shekara yana nan ba a goge shi ba, kuma hauhawar farashi ba ta rage tsawon wata. Babbar matsalar ita ce babu mai kai ƙara. In an saci jaki, mai shi zai je ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, domin dukiyarsa ce ta tafi. In an zalunci jaki kuwa, galibi mai shi ne ya yi, kuma amsarsa a shirye take: dabbata ce, da kuɗina na saya. Maƙwabci ba zai ɓata zumunci a kan jaki ba. Ɗan sandan da ke shinge ya san laifin lodin da ya wuce ƙa'ida da na takardun mota, amma da wuya ka samu wanda aka taɓa karanta wa sashe na 208. Jami'in tashar dabbobi kuma an fi tambayarsa kuɗin shiga nawa ya tara. Haka dokar ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi.

Cewa irin wannan tsohuwar doka na iya aiki in an samu mai ɗaukarta, Afirka ta Kudu ta nuna. Dokarsu ta kare dabbobi ta 1962 ce, ita ma ba sabuwa ba, hukuncinta bai wuce shekara guda ba. A 2016 aka tare wata mota a yankin Polokwane ɗauke da jakuna 41 a cushe ana kai su mayanka, wasu sun faɗi an tattake su. Kotu ta ɗaure mutum huɗu wata takwas-takwas. Ba a kama su da laifin fasa-ƙwauri ba, laifin wahalar da dabbobin aka kama su da shi. Bambancin shi ne dokarsu ta ba masu binciken ƙungiyoyin kare dabbobi iko, da izinin majistare, su shiga wuri, su karɓe dabba, su haɗa shaida su miƙa wa mai gabatar da ƙara. Akwai wanda ya tashi da safe aikinsa ke nan.

Abin da aka yi a Abuja

Majalisar tarayya ba ta yi shiru ba. A 2018 Garba Datti Muhammad, ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Sabon Gari a jihar Kaduna a lokacin, ya gabatar da ƙudurin hana kashe jakuna da fitar da sassansu waje, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara goma. A majalisar dattawa kuma Sanata Yahaya Abdullahi na Kebbi ta Arewa ya kawo nasa, wanda bai nemi haramci kai tsaye ba, ya nemi a tsara yanka da bayar da shaidar fitarwa. Da aka zo karatu na biyu a 2021, Sanata Enyinnaya Abaribe ya ƙalubalanci hurumin majalisar, yana mai cewa batun dabbobi na jihohi ne a tsarin mulki. Ƙudurin ya tsallake karatun duk da haka. Ƙungiyar dillalan jakuna ta yi ta kai gwauro tana kai mari, hujjarta ita ce haramci zai raba ɗimbin mutane da abincinsu, gara a kafa wuraren kiwo. Majalisa ta tara ta tashi a 2023 ba tare da ƙasar ta samu cikakkiyar dokar jaki ba. Abin da kwastam da hukumar killace kayan gona ta NAQS ke dogaro da shi wajen kame shi ne haramcin fitarwa.

Duk muhawarar a kan yawa aka yi ta: jakuna nawa suka rage, yaushe za su ƙare, kuɗin waje nawa ake asara, mutum nawa ke ci daga sana'ar. Tambayoyi ne na gaskiya. Matar da ke ɗebo ruwa daga rijiya mai nisa da manomin da ke kai taki gona da mangala sun san abin da tsadar jaki ta yi musu, kuma wanda aka kwance wa nasa cikin dare ba lallai ya iya sayen wani ba. Amma a duba yadda ma'aunin ya karkace. Wanda aka kama da fata an so a ɗaure shi shekara goma. Wanda ya bar dabbar kwana biyu ba ruwa har ta mutu a ƙarƙashin ƙafafun 'yan uwanta, a jihar da motar ta sauke, alƙali na iya sallamarsa da naira 50. Kuma Abaribe, ko da wata manufa ya yi maganar, ya taɓo gaskiya: kwastam da killace kaya da cinikin ƙetare na tarayya ne, amma dokar zaluntar dabba a hannun majalisun jihohi take. Dutse da Katsina da Sakkwato da Abakaliki ba sa buƙatar izinin kowa kafin su gyara nasu sassan.

Kafin masu sayen fata su zo

Zai zama son kai a ɗora wa baƙi komai. Jakin da ke cikin tirelar nan, kafin ya shiga, shekaru ya yi a hannunmu. A je inda ake haƙar yashi ko ƙasar gini a bayan gari a ɗaga akumarin kowane jaki a duba gadon bayansa. Sau da yawa miki ne ɗanye, gashin wurin ya tafi, an shafa masa baƙin man mota ko toka don ƙuda, an mayar da akumarin a kai, an ɗora mangala. Dabaibayin igiyar leda ya ci sawu har ya yi zobe. Yaron da ke kora shi yana dukan wuri ɗaya tun safe, domin an gaya masa jaki sai da duka. In ƙafa ta kumbura a yi masa lalas da ƙarfe mai zafi. Wannan shi ne ainihin abin da sashe na 208 ya hana, kuma a gaban kowa ake yi.

Abin mamakin shi ne ba sai mun je Ingila neman ƙa'ida ba. Littafin da almajiran fiƙihu ke haddacewa a zaurukanmu, Mukhtasar na Shehu Khalil, ya ce ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita, haka ma in yana ɗora mata aikin da ba za ta iya ba. Ya ƙara da cewa ba a tatsar nononta sai gwargwadon da ba zai cutar da ɗanta ba. A lura, wannan hukuncin alƙali ne, ba wa'azi kaɗai ba: a raba azzalumi da dabbar. Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya rubuta wa wakilinsa a Masar cewa ya ji ana ɗora wa raƙumi rudulu 1,000 (rudulu ma'aunin nauyi ne na da), kada a ƙara wuce 600. Ya sa adadi, domin mai sa ido a kasuwa ya san inda zai tsaya. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha kowa ya san shi. Wanda ba a cika ambata ba shi ne na Muslim, cewa an wuce da wani jaki da aka yi wa lalas a fuska ta gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya la'anci wanda ya yi masa. Jaki ne fa, dabbar da aka haramta mana namanta tun ranar Khaibara, amma haramcin cin ta bai halatta wulaƙanta ta ba.

A littattafan hisba na da, hana ɗora wa dabbobi kayan da ya fi ƙarfinsu na cikin ayyukan muhtasibi, wato jami'in hisba, na yau da kullum. Jihohinmu da dama suna da hukumomin Hisba masu dubban ma'aikata. Da za a ga 'yan kaɗan daga cikinsu a bakin kara ranar kasuwa suna ƙirga abin da ake zubawa a mota, da sun farfaɗo da wani sashe na aikin da aka san shi da shi tun asali.

Haramci da abin da ya biyo baya

Kenya ta bi wata hanya dabam da farko. Daga 2016 ta ba mayanka huɗu lasisi, da tunanin in an yi abin a fili za a iya sa masa ido. Cikin ƙasa da shekara uku an yanka sama da jakuna 300,000, sata ta yi ƙamari, masu jakuna suka yi ta zanga-zanga. A Fabrairun 2020 ministan noma Peter Munya ya sanar da haramci, masu mayankan suka garzaya kotu, babbar kotu ta soke haramcin a 2021. Tanzaniya ta rufe nata a 2022. Daga ƙarshe, a taron shugabannin Tarayyar Afirka karo na 37 a Adis Ababa, cikin Fabrairun 2024, aka amince da dakatar da yanka jakuna don fatarsu na tsawon shekara 15 a duk nahiyar.

Na goyi bayan matakin, domin babu wata hanyar kiwo da za ta cike fata miliyan shida a shekara daga dabbar da ke haihuwa ɗaya-ɗaya. Amma matsayar Tarayyar Afirka ba ta ɗaure kowa da kanta, sai kowace ƙasa ta mayar da ita doka a gida. Haramci kuma yana da nasa sharrin ga dabbar. Da zarar kaya ya zama na ɓoye, tafiya takan koma dare da hanyoyin daji, mota ba ta tsayawa inda za a gan ta balle a shayar, yanka ya bar kwata ya koma bayan gari inda babu likita, guduma ko gatari su maye gurbin wuƙa mai kaifi, a kwashe fata a bar gawa ga ungulu kusa da ruwan da mutane ke sha. Dabbobin da ba a duba ba kuma su ne ke yawo da cuta. Murar dawaki da ta ɓarke a yankin Sakkwato a ƙarshen 2018 ta kuma ratsa Nijar a 2019 ta kashe dubun-dubatar jakuna, yawancinsu na mutanen da ba su taɓa sayar da fata ba.

Shi ya sa kamun da ake yi a filin jirgi ko a tashar ruwa, duk da amfaninsa, ya zo a makare ga dabbar. Inda za a iya rage mata azaba shi ne wurin lodi da kan hanya, kuma kayan aikin suna nan. Majalisar jiha za ta iya ɗaga tarar ta kuma ɗaure ta da darajar dabbar, yadda ba za ta sake zama abin dariya ba bayan shekara ashirin. Za ta iya rubuta adadin jakunan da kowace irin mota za ta ɗauka da sa'o'in da ba za a wuce ba sai an sauke an shayar, ta hana lodin mai ciki da gurgu da ɗan da ke shan nono, ta ba likitocin dabbobi na ƙananan hukumomi ikon hana takardar tafiya da kai ƙara da kansu. Mai gabatar da ƙara kuma, duk lokacin da aka kama mota da jakuna masu rai, ba abin da ya hana shi ƙara tuhumar zalunci a kan ta fasa-ƙwauri, ya roƙi kotu ta karɓe dabbobin. A matakin tarayya, tun Yulin 2024 akwai ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi mai zaman kanta, wadda Idi Mukhtar Maiha ya zama ministanta, kuma a teburinta ne batun mayar da matsayar Adis Ababa dokar Najeriya ya fi dacewa ya sauka, tare da ƙa'idar safarar da za ta bi mota daga Jigawa har Ebonyi ba tare da ta sauya a kowace iyakar jiha ba.